Malama Sa'a da Ruwan Gonar Malam Isiyaku

Kullum ƙarfe bakwai da rabi motar Bunkure take sauke Malama Sa'a a bakin titin Kura. Kafin mu masu baƙar kwat mu gama karin kumallo a gidajenmu, ta buɗe ofishin lauyoyin da muke aiki, ta kunna kwamfuta, ta ajiye biro da 'yar takarda a gefenta. Shekara ashirin da biyu tana haka. Aikinta shi ne nemo mana tsofaffin hukunce-hukuncen kotu da za mu kafa hujja da su, da can a cikin littattafai, daga baya a rumbunan intanet inda aka tara su dubbai. Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya, idanunta sun gaji. A takardar sallamar da aka ba ta, an kira ta "mai buga takardu". Tun da na karanta wannan raina yake a ɓace.

Mai buga takardu! To bari in ba ku labari ɗaya, don da ni aka yi.

Shekara uku da suka wuce, tsakiyar rani, wani dattijo mai suna Malam Isiyaku ya zo mana daga wani ƙauye bayan Bunkure. Wani attajiri ya sayi gonakin da ke samansa, ya toshe 'yar magudanar da take kai masa ruwa, wai ta cikin filinsa ta bi. Tumatir ɗin dattijon ya fara fure, kwana tara bai sha ruwa ba. In kotu ba ta ba da umarnin a buɗe ba a zaman ranar Alhamis, noman shekarar ya tafi, kuma mutum goma sha ɗaya ne ke ci daga wannan gona.

Ni aka ba shari'ar. Na zauna gaban kwamfuta da girman kaina, na rubuta manyan kalmomin da aka koya mana a makaranta: mallakar fili, iyaka, shiga gonar wani. Injin ya zubo mini hukunci sama da dubu uku. Kwana biyu ina karatu, duk na gado ne da na filayen gini a birni. Har na fara shirya yadda zan ba dattijon haƙuri.

Sai Malama Sa'a ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, gonarka ya ƙwace?"

"A'a, Malama. Gonata tana nan."

"Iyaka ya ci maka?"

"Ko taku ɗaya bai ci ba. Ruwa ya hana ni."

"Tun yaushe ruwan yake bi ta nan?"

"Tun da aka raba mana gonakin nan, ina saurayi."

Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Barista, kwana biyu kana neman ƙasa, shi kuwa ruwa ya zo nema. Injin nan ba ya tausayi, abin da ka tambaye shi kawai yake ba ka."

Ƙa'idarta ke nan. Ba ta taɓa kwamfuta sai ta ji magana daga bakin mai ƙara, ta rage ta zuwa abu uku a takarda. Ran nan ta rubuta hanyar ruwa, toshewa, daɗewar amfani. Ta mayar da su Turanci irin na alƙalai, ta ɗaure kalmomin da suke tafiya tare don kada injin ya raba su, ta umarce shi ya zubar da duk hukuncin da ya ambaci gado. Dubu uku ya koma arba'in. Ta ƙara kalmar maƙwabci, ya koma shida, kamar mai tankaɗen gari. Na huɗun shi ne namu. Ba ta miƙo mini ba sai da ta bincika ko wata kotu ta sama ta soke shi, abin da ni ko tuna shi ban yi ba.

Ranar Alhamis alƙali ya ba da umarni. Kafin la'asar ruwa ya shiga gonar Malam Isiyaku.

Wa aka yaba? Ni. Maigidan ofis ya tara kowa ya ce Barista Mudassiru ya fitar da mu kunya. Malama Sa'a tana zaune a kusurwarta tana ji. Na yi murmushi, na karɓa, ban ce uffan ba. Wallahi wannan shirun nawa ya fi takardar sallamar nan ci mini rai. Haka muke dukanmu. Mu miƙe gaban alƙali muna gyara kwat, muna cewa "bincikena ya nuna". Wane bincikenka? Ka zo ka nuna mana inda ka yi shi!

Malama, ke ce mai binciken. Ke ce kika koya mana cewa kalmar nema daga bakin mai kuka take fitowa. Sa'a mai tankaɗe, ba ki taɓa sa hular lauya ba, amma rabin nasarorin ofishin nan daga 'yar takardarki suka fito.

Da aka fara cirar tumatir, Malam Isiyaku ya shigo da kwando guda cike. Na miƙe ina washe baki, har na miƙa hannu. Ya ce, "Barista, sannu da ƙoƙari. Amma ina matar nan da ta tambaye ni ruwa?" Ya wuce ni, ya dire kwandon a gaban teburinta. Mutumin da bai taɓa zama ajin boko ba ya gane abin da mu masu digiri muka ƙi rubutawa.

Mun gode, Malama. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da alheri, tunda mu mun gaza.

Ku kuma 'yan'uwana lauyoyi, kafin ku taɓa kwamfuta, ku ja kujera ku tambayi mai ƙara abin da ya rasa. In kun ci shari'a, ku faɗi sunan wanda ya nemo muku hujjar tun yana zaune a ofis yana ji. Ni na makara da shekara uku. Sunanta Sa'a Abdulsamad.