Giwar da Ta Bi ta Cikin Tukunyar Iya

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin tukunya mai sarauta irin ta Iya ba. Iya kakata ce, ita ta haifi babanmu, kuma a gabanta muka tashi a wani ɗan ƙauye can gefen Kuyello, inda in ka zagaya bayan gida ka yi tari, daji ne zai amsa maka. Tukunyar nan ƙarfe ce zalla, in ka ɗaga ta sau uku ka gama motsa jikin shekara. Bayanta ja wur kamar tattasai, cikinta kuma an shafe shi da wani abu fari tas mai santsi irin na tangaran. Mu yara Gimbiya muke ce mata, don sau biyu take aiki a shekara, ƙaramar salla da babba. Sauran kwanakin tana can saman jeren kwanuka, a lulluɓe da tsohon ɗankwali, tana kallon tukwanen dalma suna shan wahala.

Kakanmu marigayi ne ya kawo ta. Ya yi wa wani Bature kuku a wajen haƙar zinariya cikin daji, da Baturen zai tafi ya bar masa ita, shi kuma ya ɗauko ta a ka, kwana biyu yana tafiya a ƙasa, ya zo ya dire wa Iya. Har ya rasu wuyansa bai miƙe ba. To, wannan ni na ƙara. Abin da ban ƙara ba shi ne, bayan rasuwarsa gobara ta cinye ɗakinsa ƙurmus, ba riga, ba carbi, ba allo. Tukunyar nan kaɗai ta rage wa Iya a cikin duk abin da hannunsa ya taɓa. Kuma ta sha faɗa mana cewa farin nan in ya tafi ya tafi, babu maƙerin da zai mayar da shi daga nan har Kaduna.

Ina da shekara goma na kusa tafiyar da shi.

Da damina ne, masara ta nuna. Iya da innarmu sun tafi barka wata unguwa. Ni kuwa satin da ya wuce na bi babanmu kasuwar Birnin Gwari, na ga wata mata tana yin gyaɗa mai sukari, na tsaya na kalle ta minti biyu, na ce ai na gama koyo. Jikan kuku ne fa ni. Kuma babban kuku ba ya girki a tukunyar dalma. Na taka turmi, na sauko da Gimbiya, saura kaɗan ta tura ni lahira tun a nan. Na juye sukarin innarmu, na watsa gyaɗa, na zuga wutar kara kamar mai ƙona gona. Sai na ji yara suna ihu a waje wai an kama gafiya. Na ce bari in leƙa in dawo.

Da na dawo, hayaƙin da ke fita daga madafinmu na tabbata har a Gayam an gan shi. Cikin Gimbiya ya koma baƙi ƙirin, ya daskare kamar kwaltar titin Kaduna.

Allah ya taimake ni tsoro ya sa na tsaya ina kallonta har ta huce, ban kwara mata ruwan sanyi ba. Daga nan na yi abin da kowane ɗan ƙauyenmu ya sani. Mu yadda ake wanke tukunya shi ne ka debo yashi da toka, ka sa ɓawon masara ka yi ta dirza har ka ga fuskarka. Na dirza, baƙin nan ko gezau. Sai na ɗauko wuƙa. Na sa bakinta daga gefe, inda ƙunar ba ta da kauri, na danna da ƙarfina. Ƙiii. Na sake. Ƙiii. Na ƙara na uku. Da na duba, ƙunar tana nan daram, amma a jikin farin ga layi uku, ƙarfe yana leƙowa ta ciki.

Na kinkime ta na kai bayan akurkin kaji, na rufe da buhu, na je na wanke hannu sau bakwai.

Bayan an ci tuwo an yi isha, muka taru a madafi kamar kullum, don da damina nan Iya ke zama. Ana yayyafi, kwaɗi sun buɗe kasuwarsu, masara tana fashewa a kan garwashi. Iya ta miƙe ƙafa, wuta tana haska rabin fuskarta, ɗayan rabin yana cikin duhu. Wallahi in tana zaune haka, sai ka rantse ita da dajin nan tare aka haife su. Ƙanwata Larai, mai shekara shida da baki irin na rediyo, ta shaƙi iska ta ce, "Iya, yau madafin nan warin alewa yake."

Na taka mata ƙafa.

Iya ta juya masara, ta dube ni, ta ce, "Maigida, yau ba ka roƙi tatsuniya ba. Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

Haka take kirana, maigida, ni kuma kullum ina ce mata na fasa auren, ba na son mace mai haƙori huɗu. Ranar nan ko murmushi ya gagara.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta dunƙule hannu ta ce, "Na kamo ta a daji, wa zai riƙe?" Mu ce, "Mun tara hannu." Sai ta buɗe tafin a hankali, mu kuwa har leƙawa muke.

Ta ce a can tsakiyar dajin nan namu, tun kafin a sare itace ko ɗaya, akwai wani farin dutse mai kwarmi kamar akushi, ruwa yana ɓulɓulowa daga cikinsa. Saboda farinsa, in wata ya fito sai ka rasa na sama da na ƙasa. Duk namun daji nan suke sha. Wata rana masu ɗiban zuma suka hura wuta a kansa, zuma ta zube ta ƙone, ta toshe idon ruwan, dutse ya yi baƙi. Ƙishi ya kama kowa.

"Sai giwa ta ce a matsa mata," in ji Iya, ta kumbura kumatu, ta yi ƙasa da murya har sai da na ji ƙirjina na rawa. "Ta ce, ni da nake tuge kuka da hanci, ɗan baƙin nan ne zai gagare ni? Ta sa haure. Ƙiii."

Na ɗago kai.

"Ta sake. Ƙiii. Ta ƙara na uku."

Jama'a, lokacin da nake kankarar tukunyar nan na tabbata ba wanda ya gan ni. Kaji ne kawai shaida. Amma ƙarar da ta fito daga bakin tsohuwar nan ita ce ƙarar wuƙata, ba ragi ba ƙari. Na ce shi ke nan, ashe da gaske ne da ake cewa tana jin maganar kaji.

Ta ci gaba. Baƙi bai fita ba, dutse ya tsage wuri uku. Sai ga kunkuru ya iso, don tun shekaranjiya ya taso. Ya ce a kwaso laka a kewaye dutsen, kowa ya kawo ruwa da bakinsa daga rafi mai nisa a zuba, a watsa kanwar da barewa ke lasa, a bar rana ta dafa shi. Sannan kowa ya tafi gida, kada wanda ya leƙo. Giwa ta ce wannan ai lalaci ne. Kunkuru ya ce, ranki ya daɗe, naki aikin ga shi nan kowa ya gani. Da aka dawo, sai baƙin ya taso da kansa kamar tabarma, ɗan zomo ya ja shi da haƙori ɗaya. Ruwa ya ɓulɓulo, wata ya dawo ciki.

"Amma kwarmin bai ƙara cika ba," in ji Iya. "Har gobe ta tsagar giwa ruwan yake zurarewa." Ta dunƙule hannu. "Na mayar da ita daji, kowa ya riƙe abin da ya samu."

Ta ɓare masara, ta miƙa wa Larai rabi, ta ce ta kai wa innarmu ɗaki. Da yarinyar ta fita, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maigida, je ka ɗauko min dutsen nawa. Kaji sun gama gadi."

Na kawo ta ina kuka, majina har wuya. Iya ta karkata ta wajen wuta. Ƙunar ko kallo ba ta ishe ta ba. Yatsa ta sa a kan layukan nan uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta daɗe a haka. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Can ta ce, "Debo ruwa. Ba na randa ba, mai ɗumin nan na buta."

Ta zuba har ya rufe baƙin, ta fasa jar kanwa kamar girman goro ta jefa, ta ja garwashi gefe ta ɗora tukunyar a kan wuta mai laushi, wadda ko kunu ba za ta tafasa da sauri ba. Ruwan ya fara motsi, yana ƴan ƙananan kumfa, yana rinewa kamar shayi. Na miƙa hannu zan ɗauki cokali in taimaka.

"Giwa, zauna."

Na zauna.

Da ya ɗan jima yana dahuwa ta sauke, ta rufe, ta ce kowa ya je ya kwanta, kuma duk wanda ya ɗaga murfin nan kafin gari ya waye ita da shi ne.

Da safe bayan ta idar da salla ta kira ni. Ta tsiyaye baƙin ruwan, ta ɗauko muciya, ta sa bakinta a gefen ƙunar ta ɗan tura, irin turin da za ka yi wa jariri mai barci. Abin da na gani ba zan manta ba har in mutu. Kwaltar nan da ta gagari yashi, ta gagari toka, ta gagari wuƙa da duk ƙarfin jikan kuku, ta ɗago gaba ɗaya, faifai guda, da gyaɗuna a manne a jiki. A ƙarƙashi ga fari yana kallona. Na ce, "La ilaha illallahu!" da ƙarfin da kaji suka watse. Ni a lokacin na ɗauka ko dai addu'a ta tofa, ko kunkurun ne ya zo da kansa.

Sauran ɗan jan da ya rage ta matse lemon tsami a kai, ta bar shi ya jiƙa, ta bi da soso mai laushi da sabulu. Ta goge ta tas da tsumma, ta shafa man gyaɗa a bakin inda ƙarfe yake tsirara don kada ya yi tsatsa. Gimbiya ta koma kan karagarta. Layi uku suna nan.

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Miji ya wanke hannu ba a sa shi ba, turmi a ƙarƙashin jere, wuƙata da giɓi a baki. Kai ko ɓarawon kirki ba za ka yi ba."

Da babbar salla ta zo, innarmu ta sauko da tukunyar za ta ɗora miya, ta ga layukan, ta yi salati. "Iya, me ya sami Gimbiya?" Ina tsaye a bakin ƙofa, na riga na zaɓi katangar da zan haura. Iya ta ci gaba da tsinke zogalenta ta ce, "Giwa ce ta bi ta ciki." Innarmu ta ɗauka tsufa ne. Har Iya ta koma ga Allah ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Shekarar da daji ya ɓaci muka baro ƙauye muka dawo cikin Birnin Gwari, innarmu ta bar gado, ta bar buhunan masara, amma ta ɗauko tukunyar nan a ka, kamar yadda ta zo. Yanzu tana gidana. Ranar da matata ta nufe ta da soson ƙarfe, tsallen da na yi ko mai tsaron gida a filin ƙwallo bai taɓa yin irinsa ba.

Na daɗe ina ɗauka abin da Iya ta koya min wankin tukunya ne. Sai da na girma na lura ni giwa ne a wurare da yawa. Akwai maganganun da na yaɓa wa Larai cikin fushi shekaru da suka wuce, a kan wani laifi da yau ni da ita duk mun manta ko mene ne. Laifin ya fita tas. Maganar kuwa, in muna hira, wani lokaci ina jin yatsana yana bi ta kanta. Shi ya sa kwanaki da ƴata Ummi ta yi min ƙaryar ta je Islamiyya alhali gidan su ƙawarta ta wuni, na ɗauki bulala, na ajiye, na ce ta je ta kwanta. Da safe ita ta zo da kanta ta durƙusa, ban ko tura da muciya ba.

Jiya ta taya ni goge tukunyar, ta sa yatsa a kan layukan ta ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

Ƙunar da ta rufe cikin nan kaf, yau ko ni ba zan iya nuna inda ta tsaya ba. Na dubi layi ukun, na dunƙule hannu, na ce mata, "Zauna. Na kamo ta a daji, wa zai riƙe?"