Malam Nata'ala da Filin Tanis na Daɓe

Da an idar da sallar asuba, Malam Nata'ala yakan ɗaure bokitin toka a bayan kekensa, ya ratsa gonakin gero har makarantar 'yan mata ta kwana da ke gefen hanyar Makoda. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya share filin tanis, ya ja layuka da toka, ya ɗaura ragar da ƙullinta ya fi zarenta yawa. Haka ya yi shekara da shekaru yana malamin wasanni. Watan nan zai ajiye aiki, kuma filin nan a yanzu gyaɗa ce a cikinsa.

Ba da siminti aka yi filin ba. Matan unguwa ya roƙa suka yi masa daɓe irin na tsakar ɗaki, da madaɓi da ruwan makuba. Inno, tsohuwar da ke ba da waƙar daɓen, ta dube shi ta ce, "Malam, ɗaki ba bango ba rufi, wace marar sa'a za ka saka a ciki?"

"Ke ce, Inno, in kin yarda."

"Allah ya tsare ni da mijin da ke bin ƙwallo da gajeren wando!"

Bugu iri biyu ne a tanis. Idan ƙwallo ta zo ta dama, mai wasa zai ware hannu ya buɗe ƙirji ya buga da gaban hannu. Idan ta zo ta hagu, sai ya juya kafaɗa ya buga da bayan hannu. Yawancin 'yan wasa sun fi ƙarfi a na farko. 'Yan matan Malam kuwa an rene su da kame jiki, ba mai ware hannu a gaban malaminta, sai bugun dama ya fito a sanyaye. Amma ta hagu, da hannu biyu a kan raket, wato abin buga ƙwallon, kamar riƙon taɓarya, nan ƙarfin dakan gero yake fitowa. Zango guda ya yi yana faɗa a kan dama, sannan ya haƙura, ya gina musu wasa a kan abin da suke da shi.

Wadda ta fi kowa ɗauka ita ce Bilki, 'yar wani manomi daga wajen Kunci. Yakan ce mata, "Matsa dama, ki bar hagu a buɗe kamar kin manta. Abokiyar karawarki za ta yi kwaɗayi ta aiko nan, nan kuwa gidanki ne. Ki mayar mata a karkace zuwa nata hagun, ki yi ta mayarwa har ta gaji."

"In ta aiko dama fa, Malam?"

"Kar ki yi faɗa da hannun da ba shi da ƙarfi. Ɗaga ta sama, ki miƙe ta kan layi zuwa hagunta. Daga can ƙwallon hagunki za ta nemo."

Sai aka shiga shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Hatsi ya yi tsada, abincin ɗalibai ya koma kunu tsararo, wasu suna jiri a aji. Shugabar makaranta, Hajiya Fadima, ta kira shi ta ce, "Malam, yara ba sa cin ƙwallo. Iyaye sun ce a noma filin nan." Bai yi mata musu ba, domin shi ma ya ga idanun yaran. Ya roƙi abu ɗaya: a jira gasar makarantu a Kano. In Bilki ta kawo kofi, Hajiya ta sami abin nuna wa iyaye, a bar filin. Ta yarda.

A Kano an yi musu dariya, da dogon wandonsu da hijabi cuse a cikin riga. Wani ya tambaya ko tallan gyaɗa suka kawo. To, mu 'yan ƙauyen ba mu taɓa neman afuwar kowa a kan inda muka fito ba. Bilki ta matsa dama, ta bar hagu, 'yan birni suka yi ta faɗawa ramin ɗaya bayan ɗaya, har ta kai wasan ƙarshe.

Abokiyar karawarta ta shigo, ta ɗauki raket da hannun hagu.

Waɗanda ke kusa da Malam sun ce tsaye ya miƙe, ya koma ya zauna. A ƙauyukanmu, yarinya ta miƙa hagu cikin kwano, ludayi ne zai sauka a kan hannun, har ta koma dama. Duk makarantar babu bahaguwa ko ɗaya, Bilki ba ta taɓa karawa da irinta ba. Duk ƙwallon da ta aika a karkace, a kan hannun yarinyar mai ƙarfi take sauka, ita kuma ta yi ta caccakar daman Bilki. Bilki ta yi gudu har takalminta ya ɓalle, ba ta zubar da hawaye a gabansu ba, amma ta faɗi wasan.

A mota tana ba shi haƙuri, ya ce, "Yi shiru, 'yata. Kin yi duk abin da na koya miki. Ni ne ban taɓa tunanin bahaguwa ba."

Ruwan farko na sauka Malam ya karɓi garma daga hannun leburan makaranta. "Ni na sa aka daɓe, ni zan fasa," in ji shi.

Malam Nata'ala, kai ne ka fasa filinka da hannunka don yara su ci, ba ka ɗora wa kowa laifi ba. Kai ne, da aka cire gyaɗa, ka koma ƙofar Inno kana roƙo, aka sake daɓe. Tun daga nan damina ta gyaɗa ce, rani na tanis. Kai ne, da furfurarka, ka tsaya gaban bangon aji kana koyon bugu da hagu, ƙwallo tana kuɓuce maka ɗalibai na ƙyalƙyata dariya, don kada wata 'yarka ta sake ganin bahaguwa ran farko a wasan ƙarshe. Gwarzon toka da tsintsiya!

Abin baƙin ciki, kofin bai taɓa zuwa ba. Makaranta ta daina kai yara gasa, hagun da ya koya ba a je ko'ina da shi ba. Bilki tana koyarwa a Bacirawa, raket ɗinta na rataye a bango. Inno ƙafa ta hana ta fita, bara mata kaɗan ne suka zo daɓen, Malam da kansa ya durƙusa da madaɓi. Waɗanda ya koya wa tsayawa da ƙarfinsu suna ofisoshi da asibitoci, ba wadda ta leƙo.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma malamai, ku duba hannun da yaro ya fi ƙarfi ku gina shi a kai. Tsofaffin ɗalibai, gyaɗar bana ta kusa cira, kuma mai zuwa ƙofar Inno zai ajiye aiki. In ba mu daɓe ba, filin ya tafi ke nan.

Bilki ta aika wa Malam cewa za ta zo da madaɓi. Ya ce wa ɗan aiken, "Ta haɗo da raket. Ka gaya mata akwai bahago yana jiranta."