Ƙoƙon da Malam Bitrus ya ajiye

Har yau ban manta da ranar da Malam Bitrus ya ajiye ƙoƙo a kan bagadi, wato teburin sujada na coci, ya fice ba. Asabar ce, damina ta kusa ɗaukewa, a shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Ku da kuka kama aikin nan a bayana, ku ji da kyau, don za ku gamu da irinsa.

Makarantarmu ta horar da limaman coci ba irin ta samari ba ce da ake kwana a tashi a ciki. Ta dattawa ce waɗanda kiran Ubangiji ya same su da furfura: tsohon malamin makaranta, ɗan sanda mai ritaya, ɗan kasuwa. Sau ɗaya a wata suke zuwa, su shigo Juma'a da yamma, su koma Lahadi bayan sujada, Litinin kowa ya kama harkarsa. In mutum ya gama, Baba Kanon, shugaban makarantar, shi ke rubuta wa Bishop shaida a kansa. In shaidar ta yi kyau, a keɓe shi dikon, wato mai taimakon firist, daga baya a keɓe shi firist. In ba ta yi ba, shekarun sun tafi ke nan, kuma wanda ya haura sittin ba shi da wasu da zai sake zubawa.

Ni aikina kicin da ɗakin kayan sujada. Ni ke dafa musu, ni ke wanke ƙoƙo da farin ƙyallen bagadi, makullin kabad ɗin ruwan inabi kuma a bakin zanena yake ɗaure. Ban yi boko ba, abin da ke cikin littattafansu sai su. Amma wanda ya rage tuwo ko ya shigo sujada da ƙurar takalmi ba ya wuce ni, kuma sai ya ji daga bakina.

Malam Bitrus tsohon direban tirela ne, mazaunin Unguwar Kanawa. Ba shi da surutu, shi ke fara isowa, kafin sauran su sauke jaka ya share aji. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ranar Lahadi in an zo Jibin Ubangiji, wato lokacin da ake ba jama'a gurasa da ruwan inabi, ba ya kai ƙoƙo baki, gefen gurasarsa kawai yake ɗan taɓawa a ciki. Na ɗauka ƙyanƙyamin bakin mutane ne, har na ce a raina, wannan da tsantseni haka wane irin makiyayi zai yi?

A shekarar ƙarshe ana koya musu yadda ake ba da Jibi. Tsarin shi ne firist ya fara sha, ya ba jama'a, abin da ya ragu a ƙoƙo kuma ba a zubarwa, ba a mayarwa kwalba. Shanye shi ake yi nan take, a ɗauraye ƙoƙon da ruwa, a shanye ɗaurayen ma. Da zoɓo ake gwaji, ni ke haɗawa, kuma da zoɓo Bitrus ya fi kowa natsuwa. To ranar jarrabawa Baba Kanon ya ce in kawo ruwan inabi na gaske, mai sa maye, ba wanda aka tsarkake ba, don su saba da abin da za su riƙe.

Wanda ya fara shi ne Malam Yohanna na Unguwar Rimi, tsohon darakta a gwamnati, muna ce masa Darakta. Bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa ƙoƙo ya ce, "Mama, ashe kina da wannan a ɓoye kike ta ɗura mana zoɓo?"

Na ce, "Ka yi ta kanka, Darakta, hannun rigarka na shirin yin iyo a ciki."

Aka yi dariya, ya yi nasa ya gama. Aka kira Bitrus. Ya yi addu'o'in ba tuntuɓe, ya taɓa ƙoƙo a leɓe, ya zagaya ya ba 'yan ajinsu. Da ya dawo bagadi, wajen rabi ya rage. Ya tsaya yana kallonsa, gumi na bin wuyansa. Baba Kanon ya ce, "Ci gaba." Sai ya ajiye ƙoƙon, ya rusuna, ya fice da farar rigar a jikinsa.

Na same shi a bayan kicin zaune a kan turmina. Na ce, "Tashi min daga kan turmi da farar riga, ni ce mai wankin." Ya miƙe kamar yaro. Na tura masa kujera na ce, "Me ya kore ka?"

Ya zauna ya ce, "Mama, shekarun da na yi a kan hanya, ba tashar da ban san mai sayar da giyarta ba. Har uwar yara ta kwashe su ta tafi gida. Tun haihuwar autarmu ban sake sha ba, ga shi yanzu ita ma tana ɗakinta. Amma na san kaina. In rabin ƙoƙon nan ya wuce maƙogwarona, yau ba gida zan nufa ba."

"Duk zaman nan da ka yi, ba ka gaya wa Baba Kanon ba?"

"Kullum cewa nake kafin lokacin Allah zai cire mini tsoron. Kuma wa zai danƙa wa mashayi ikilisiya? Jakata zan ɗauka."

Na ce, "Ni ban san abin da dokarsu ta ce ba, kada in yi maka ƙarya. Abin da na sani, wanda ya gudu bai faɗi dalili ba, mutane ne za su ƙera masa dalili. A gaban jama'a ka fita, a gabansu za ka koma. Share fuskarka."

Ya koma, ina biye. Ya tsaya a gaban aji ya faɗi abin da ya faɗa mini, bai rage ba. Baba Kanon ya cire tabarau ya ce, "Bitrus, da ka tambaya tun fari da ba ka sha wannan azaba ba. Tsarinmu bai ce lallai firist ya shanye shi kaɗai ba. Yana iya kiran wani daga cikin masu cin Jibi ya taimake shi. Amma ka ji sauran. Zan rubuta wa Bishop maganar nan yadda take, hukunci nasa ne. Kuma duk ikilisiyar da aka tura ka, da bakinka za ka gaya wa dattawanta dalili tun kafin sujadar farko. Za ka iya?"

Ya ce, "Zan iya, Baba."

"To ga ƙoƙonka can. Ba ka gama jarrabawa ba."

Ya hau bagadi ya ɗauka. Darakta ya yunƙura zai tashi, Baba Kanon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Zauna. Sai ya kira." Nan ne na ga wuyar abin. Mutumin da ya saba jan tirela shi kaɗai daga nan har Ikko, ga shi 'yan kalmomi na neman gagarar sa. Da ƙyar ya ce, "Ɗan'uwana Yohanna, zo ka taimake ni." Darakta ya zo, ba wasa ko ɗaya a bakinsa, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Bishop ya kira shi sun yi doguwar magana, abin da suka ce ban sani ba. An dai keɓe shi tare da 'yan ajinsu, yanzu yana riƙe da wata ƙaramar ikilisiya gaba da Kawo.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, dattawan nan ba hannu rabbana suke zuwa ba, kowa da kayan da ya ɗauko tun kafin ya ji kira. Saurayi abin da bai sani ba yake tsoro, dattijo kuwa abin da ya sani. Ku sa musu ido, ku yi musu faɗa, amma in kun ga ɗaya ya ja da baya, ku bi shi ku tambaya kafin ya kai ga jakarsa. Yawancinsu karatun bai gagare su ba. Abin da ke gagarar su shi ne buɗe baki su ce a taimake su.