Yayan Matata, Ɗan Takara Mai Zaman Kansa

Yayan matata injiniya ne a harkar gas, ya kuma riga mu zuwa Doha da shekaru. Shi yana Gharrafa a gida mai harabar ajiye mota, mu kuma muna wani ɗan fulat a Matar Qadeem, saman shagon masu shayin karak. Mutum ne mai kyauta da son zumunci, matuƙar ba a kawo zancen shugabanci ba. Matata ta ce har yau bai yafe wa malamin firamaren da ya hana shi monita ba.

A wurin aikinsa yana da aboki ɗan Taiwan, wani siririn mutum mai yawan dariya da ya kamu da son tuwon shinkafa miyar taushe. Wata Asabar muna cin abincin rana a gidan Yaya, sai baƙon ya ɗauko mana labarin kawunsa, wanda ɗan majalisa ne a ƙasarsu. Ya ce kawun ya daɗe a wata jam'iyya, ranar da aka hana shi takara ya fice ya shelanta cewa shi ba na kowa ba ne. Manyan jam'iyyun suka shagala da yaƙar juna, shi ya bi ta tsakiya ya ci zaɓe. Kullum da safe yakan sa falmaran mai ɗauke da sunansa, ya tsaya a mararraba yana sunkuya wa masu babura. Biki ko jana'iza ba sa wuce shi. A majalisa kuwa, duk ɓangaren da ya rasa ƙuri'a ɗaya sai ya je ya lallashe shi.

Baƙon yana faɗa yana dariya, don shi ba'a yake wa kawun nasa. Mu ma muka dara. Da na waiwaya sai na ga Yaya bai dara ba. Lomar tuwo na hannunsa, miya na ɗiga, idonsa na kan silin.

Muna da ƙungiyar Hausawa mazauna Doha. Aikinta bai wuce shirya walimar Sallah, duba marar lafiya da tsayawa idan an yi rasuwa ba, amma ta rabu biyu kamar ana rabon gado. Likitoci da malaman jami'a suna gefe guda, injiniyoyi suna ɗaya gefen. Ban taɓa gano takamaiman abin da ya raba su ba. Likitoci dai na ganin injiniyoyi ba su da komai sai albashi, injiniyoyi na ganin likitoci Turanci ya yi musu yawa. Ni da nake koyar da lissafi a sakandare, ba mai tunawa da ni sai zaɓe ya matso.

A shekarar nan injiniyoyi suka fitar da waɗanda za su tsaya musu a zaɓen kwamiti, babu Yaya a ciki. Washegari ya kira ni a waya.

"Malam, na yi nazari. Ɓangaranci shi ke kashe al'ummarmu. Zan fito a matsayin mai zaman kansa."

Na ce, "Yaya, ba jiya aka ce sun tsallake ka ba?"

"Ni na tsallake su. Yalla, tashi ka raka ni wurin tela."

Wani tela ɗan Bangladesh a bayan layinmu ya ɗinka masa koren falmaran, ya rubuta sunansa a baya da zare ruwan zinare. Yaya ya ɗora shi a kan kaftani, a tsakiyar zafin Agusta, ya je ya tsaya a ƙofar masallacin Mu'aither inda yawancin mutanenmu ke Juma'a. Duk wanda ya fito sai Yaya ya haɗa hannu ya sunkuya masa. Gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa. Wani Bapakistane ya tausaya ya miƙa masa gorar ruwa. Wani likita bazazzagi ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan ya ce, "Injiniya, in ramuwar sallah kake yi, alƙibla ta can take."

Bai karaya ba. Ya shiga bin bukukuwan suna da ta'aziyya, har na waɗanda bai sani ba, ni kuma ina tuƙa shi saboda matata ta ce zumunci ne. A wani gida ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo kan yadda mamacin ya kasance jarumin namiji mai riƙon gida. Sai da ya zauna maigidan ya gaya masa a hankali cewa kakarsa ce ta rasu.

Inda ya yi dabara ta gaske shi ne wurin 'yan'uwanmu na Zongon Ghana. Direbobi ne da masu gadi da ma'aikatan otal. Suna zuwa taro, su ke jera kujeru, suna jefa ƙuri'a, amma tsarin ƙungiya bai yarda su tsaya takarar kwamiti ba. Yaya ya je har ɗakin babbansu, wani dattijo direban motar 'yan makaranta, ya zauna a tabarma ya ci wake da shinkafa da yaji irin nasu. Ina wurin ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, in na shiga, kun shiga."

Suka zuba masa ƙuri'unsu kaf. Da aka ƙirga, likitoci da injiniyoyi suka yi kunnen doki a kwamiti, kujerar da ta rage kuma ta Yaya ce. Ba abin da zai wuce sai da hannunsa.

Nan ya shiga zamanin da har yanzu yake kira shekarun hidima. Yau likitoci sun gayyace shi shinkafar Larabawa da kifi, gobe injiniyoyin da suka tsallake shi sun gasa masa rago. Kowace magana aka kawo, ko ta wurin da za a yi walimar Sallah ce, sai ya ce yana nazari, nazarin kuma ba ya ƙarewa sai ya zaga gidajen ɓangarorin biyu. Kafin sanyi ya shigo falmaran ya daina rufuwa saboda tumbi.

Sai ranar maganar 'yan Zongo ta zo. An yi zaman bayan la'asar a falon shugaban ƙungiya, ni ina cikin 'yan kallo a bakin ƙofa, dattijon nan yana kusa da ni da sabuwar hularsa. Likitoci suka goyi bayan a ba su kujera, don suna hasashen za su ja su gefensu. Injiniyoyi suka ƙi, saboda hasashen nan dai. Kowa ya juyo ya kalli Yaya.

Ya miƙe ya gyara murya. Ya yi magana kan 'yanci, ya yi kan adalci, ya taɓo tarihin fataken goro tsakanin Kano da Gwanja har wasu suka fara gyangyaɗi. A ƙarshe ya ce shi da yake mai zaman kansa ne, bai dace a gan shi ya karkata wani ɓangare ba, don haka ya janye daga ƙuri'ar. Magana ta mutu a nan.

A waje, wurin sa takalma, dattijon ya tare shi. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, kai ka zo ɗakina, ba ni na kira ka ba. Da ka ce ba za ka iya ba, da mun gode maka. Khalas, magana ta ƙare."

Ya sa takalminsa ya tafi. Yaya ya juyo gare ni ya ce mutanenmu ba su fahimci siyasar zamani ba.

Da zaɓe ya sake zagayowa, abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Likitoci da injiniyoyi suka zauna a falo ɗaya, suka raba kujeru a tsakaninsu, suka ba 'yan Zongo tasu, duk don kada wani ya sake gasa wa Yaya rago. Ƙuri'un da ya samu ba su fi na mutanen gidansa ba, kuma ina da dalilin zargin cewa ta matarsa ba ta ciki.

A walimar Sallah ta bana ya karɓi lasifika ba tare da an ba shi ba, ya gode wa Allah da Ya sa ta dalilinsa kan al'umma ya haɗu. Aka tafa masa da sauri saboda shinkafa na hucewa. A hanyar komawa, yana zaune a gaban mota, ya tambaye ni ko ba gaskiya ya faɗa ba. Matata ta mintsine ni ta bayan kujera.

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin sun yarda a kan abu ɗaya ba sai a kanka."

Ya ji daɗin maganar ƙwarai. Yanzu duk baƙon da ya je gidansa sai ya maimaita masa ita, ya ƙara da cewa mijin ƙanwarsa ne ya faɗa, malami ne, ba ya ƙarya.