Raguna Biyu

Bayan rasuwar mahaifinmu, abin da ya riƙa kawo yayana gidanmu na cikin birni ba zumunci ba ne zalla, har da ƙwallo. Ba ta fili ba, domin gwiwoyinsa sun riga shi yin ritaya, ta kwamfuta. Shi ya yi gini a Gyallesu ya koma da iyalinsa, ni kuwa na zauna a gidan gado a Limancin Kona, tare da matata da Inna, mahaifiyarmu.

Duk Asabar bayan la'asar sai ya zo, ya durƙusa ya gaida Inna a gurguje, ya zarce ɗakina na kusa da zaure. Kowa ya ɗauki fad, wato abin latsawar nan na hannu, mu yi ta zura wa juna ƙwallo har a kira magariba. Daga masallaci kuma dole ya dawo ya ci tuwon Inna, kuma a bakin kwanon nan ake hirar gaske. Inna ta san ba don ita kaɗai yake zuwa ba. Ba ta taɓa bin diddigi ba, tunda dai yana zuwa.

Kwamfutar a haɗe na saye ta, 'yar gwanjo, irin ta ofis. An yi ta ne don buga takardar neman hutu, ba don ta ɗauki filin wasa da 'yan kallonsa ba. Duk da haka ta yi mana biyayya, har ranar da muka sa mata sabon wasa. Sai ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, hoton ya tsaya cak, kamar mutumin ya tuna bai kulle ƙofar gida ba. Kafin ya motsa, ƙwallo tana raga, ba wanda ya ga ta inda ta bi.

"Malam," in ji Yaya, domin haka yake kirana idan zai yi mini tsiya, "wannan ba wasa muke ba, jiran sakamako muke."

Da ya zo sa takalmi sai ya ƙara da cewa, "Surukina yana da wata a gidansa, gudu take kamar ruwa. Ya daɗe yana cewa in leƙo."

Asabar ta zagayo, bai zo ba. Inna ta rufe kwanon tuwonsa ta ajiye a gefe, da safe aka ɗumama mana. Ban taɓa cin ɗumamen da ya tsaya mini a wuya irin wannan ba.

Na ɗauki kwamfutar a bayan babur na kai wa wani mai shago a unguwar Kongo. Ya buɗe cikinta ya ce abu biyu take bukata. Na farko katin hoto, wanda zai ɗauke mata wahalar zana fili da 'yan wasa, kuma sai ƙarami mai cin wuta kaɗan, domin akwatin wutar da kamfani ya sa mata ba shi da ƙarfin ciyar da babba. Na biyu kuma ram, wato inda take ajiye abin da take aiki a kai nan take. Ya ce a cire tsohon a sa sababbi guda biyu iri ɗaya, sun fi aiki idan suna tare. Zai sa a kawo daga Kano, in dawo ranar Alhamis.

Ranar Alhamis da safe na shiga gaida Inna, tana kan dardumarta tana jan carbi.

"Ina zuwa da wannan sammako?"

"Kongo, Inna. Zan karɓo ram."

"Mene ne kuma ram?"

To, ni malamin Turanci ne, kuma duk wanda ya daɗe a aji ya san cutar: da an tambaye ka ma'anar kalma, baki yake riga hankali amsawa. Na ce, "Rago," domin ma'anar ram ke nan da Turanci, ina murmushi, ina jin na yi abin dariya.

"Nawa?"

"Biyu."

Carbin ya tsaya. Ta ce, "Biyu." Na ce, "Biyu." Ta kawar da kai wajen bango ta ce, "Alhamdu lillahi." Na fita ina mamakin yadda tsohuwa ta soma damuwa da lafiyar kwamfuta.

Abin da ban haɗa ba shi ne wannan. Na yi jinkirin aure, kuma a lokacin matata tana da tsohon cikinmu na fari. Jiyan nan ta je asibiti an yi mata hoton ciki. Sallah kuwa da sauran watanni. Mutumin da matarsa ta dawo daga hoto jiya, yau ya yi sammakon neman raguna biyu, ai ba ya bukatar ƙarin bayani: ragon suna ɗaya ne ga kowane jariri. Inna ba ta yi boko ba, amma lissafinta bai taɓa kuskure ba sai ranar, kuma ko a ranar ba laifin lissafin ba ne.

Ina dawowa matata ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Malam, me ka gaya wa Inna? Tun safe an hana ni ɗaga ko buta. Kunu kwano biyu aka aiko mini. Gwaggonka ta zo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya raba lafiya, ta fita, ta sake dawowa ta maimaita."

Na nuna mata abin da ke cikin leda, na yi bayani. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, sannan ta ce, "To malamin fassara, sai ka je ka gyara."

Na je na durƙusa a ƙofar Inna. Na ce, "Inna, maganar ragunan nan, dama ita mai ɗakin..."

"Kai! Tashi ka ba ni wuri, marar kunya. Da ni za ka yi wannan magana?"

Na tashi. A gidanmu ɗa ba ya zama gaban uwarsa ya yi zancen cikin matarsa, balle na fari. Kuskuren ya shiga ta ƙofar da ba a bi a fito da shi.

Washegari bayan sallar Juma'a sai ga Yaya da babbar riga, ranar da ba tasa ba. Ya zauna a ɗakina ya yi gyaran murya, yana duban rufi.

"Na ji an ce hidima mai nauyi na tafe. Allah ya sa albarka. Ina aka ɗaure su ne? Ban ji kukansu ba."

Na jawo durowa na ɗora masa su a tafin hannu: 'yan falle biyu koraye, kowanne bai wuce tsawon biro ba. Ya dube su, ya dube ni, ya dubi kwamfutar da ke kwance da ciki a buɗe. Shi ma ya yi boko, don haka bai daɗe ba ya gane. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Inna fa ta aika har dangin Kano," ya ce yana share hawaye. Sai ya tuɓe babbar rigar ya rataye a ƙofa. "Kawo sukuddireba mu ɗaure su."

Mai shagon ya nuna mini yadda ake yi, amma Yaya ya karɓe aikin da hujjar shi ne babba. Muka cire wuta, muka zare tsohon ram, muka danna sababbin har kowanne ya ce ƙas. Katin hoton ne ya yi gardama, domin ƙarfen fuskarsa ya fi akwatin tsawo, sai da muka lalubo gajeren da aka haɗo a kwalinsa muka sauya. Muka kunna. Fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin.

"Malam, ragunan naka sun mutu a hanya."

Ashe wayar allon ce muka mayar tsohon raminta, maimakon mu soka ta a jikin sabon katin. Muna sauyawa fili ya fito kore shar, 'yan wasa suna gudu kamar an biya su albashi. Yaya ya ci ni ci mai tsafta. Amfanin gyaran a wurina shi ne yanzu ina ganin kowace ƙwallo dalla-dalla lokacin da take shiga ragata.

Da za mu fita masallaci na roƙe shi ya warware wa Inna zancen.

"Ni? Ɗan fari? Matar da ko sunana ba ta faɗa?"

Haka muka bar maganar ga Allah da ungozoma. Da lokaci ya yi aka haifi mace, ita kaɗai, lafiyayyiya. Gwaggo ce ta kai wa Inna cikakken bayanin raguna. An ce da ta gama ji sai ta ce, "Boko dai."

Ranar suna na fito na tarar da raguna biyu a ƙofar gida, nawa da wani fari mai ƙaho. Yaya ne ya kawo shi. Ya ce tunda an riga an gaya wa unguwa biyu ne, ba za a mai da Inna maƙaryaciya ba: ɗaya na jaririya, ɗaya na kwamfuta.

Tun daga ranar bai sake fashin Asabar ba. Yakan durƙusa ya ce, "Inna, na zo duba raguna."

Ita kuma ba ta ko ɗaga kai daga carbi. "Suna ɗaki. In kun gama kiwon, tuwo na nan."