Maƙogwaro da Sunayen 'Yan Kofi

Aski ne sana'arsa, amma in ka shiga unguwar kana tambayar shagon mai aski sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Maƙogwaro kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar. Shagon yana jingine da katangar filin ƙwallo: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, sai benci da ya sha zaman 'yan gardama har ya yi santsi. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ƙafarsa ta hagu ma ba ta ga maciji da ta dama. Murya Allah ya ba shi, da kai mai riƙe suna, shi ya sa tun yana saurayi aka damƙa masa lasifikar kulob ɗin.

Kulob ɗin nan kofi ɗaya tak ya taɓa ci, kuma da shi ake tinƙaho har gobe. Kafin a take kowane wasa, Maƙogwaro yakan kira sunayen waɗanda suka ɗauko shi, daga mai tsaron gida har ɗan gaba na ƙarshe, babu takarda a hannu. Wanda yake raye, sai ya ɗaga murya, fili ya amsa da ihu. Wanda ya rasu, sai ya sassauta, fili ya yi tsit na ɗan numfashi. Ba kwamiti ne ya tsara haka ba. Shi ya fara ranar da mai tsaron gidan ya rasu, mutane suka bi, abin ya zauna. Da girma ya zo aka karɓi lasifikar aka ba wani mai sa kiɗa, wanda ko sunan alƙalin wasa sai ya duba waya.

Matarsa ba ruwanta da ƙwallo, har yau ba ta gane mene ne satar gida ba. Amma mijinta ta karance shi tsaf, don haka ita ta fara lura. Wata rana ta tsinci injin aski a cikin firji. Ta yi dariya, shi ma ya yi. Wata rana kuma ya aske rabin kan wani tsohon kwastoma, ya tsaya, ya tambaye shi da ladabi ko aski ya zo yi. Ranar da ta hango shi tsaye a mahaɗar layinsu yana duban hagu da dama kamar baƙo, dariya ta ƙare mata. Tsoro ya shige ta. Ta koma wuni a shagon, tana cewa fankar gida ce ta lalace. 'Yan benci suna tsokanarta wai soyayya ce ta dawo sabuwa, tana murmushi, idonta a kan hannunsa.

Ana cikin haka sai ga wani mai rubuta littafi. Mutum ne mai tabarau da yawan godiya, ya rubuta tarihin kulob ɗin kaf, za a ƙaddamar a filin. Ya ce waɗanda suka rage daga 'yan kofi za su zauna a sahun gaba da iyalansu, kuma taron ba zai yi armashi ba sai Maƙogwaro ya kira sunayen kamar da. Kafin matar ta buɗe baki mijin ya amsa, har da dukan ƙirji.

Da safe yana gwaji a tsakar gida tana shanya. Muryar tana nan yadda take, har kajin maƙwabta suka watse. Ya zo kan Kibiya, ɗan gefen dama, sai ya sassauta murya ya sunkuyar da kai. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Kibiya yana raye. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu, 'ya'yansa suna ta fama da shi, amma yana raye.

"Baban yara, Kibiya fa yana nan da ransa," ta ce.

"Na sani mana," ya ce. Idonsa kuwa ya nuna bai sani ba.

Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Ya manta suna, mutane za su ce tsufa. Amma ya binne mutum da ransa, a gabansa, a gaban 'ya'yansa, fili guda ya yi masa shirun mamaci? Wannan ba a goge shi. Da shi za a riƙa tuna Maƙogwaro, ba da shekarun da ya yi ba ya kuskure ba.

Ta je ta sami mai littafin da niyyar ta roƙe shi a cire mijinta. Bai bar ta ta kai ƙarshe ba. "Haba Mama, babi guda fa na yi a kansa. Mutumin da bai san mantuwa ba." Ya buɗe shafin ya nuna mata hotonsa da lasifika, baki a buɗe. Ta yaba hoton, ta dawo gida da maganarta a ciki. Ta lallaɓa mijin ko zai riƙe 'yar takarda. Ya harare ta. "Ni? Takarda?" Can ya zauna a bakin gado ya ce a hankali, "Uwar yara, tsoro nake ji." Tun aurensu ba ta taɓa jin kalmar a bakinsa ba.

Ranar taro filin ya cika da tsofaffi cikin rigunan ƙwallo da suka matse musu tumbi. An kafa rumfa, an jera littattafai a tebur, an yi jawabai har mutane suka fara hamma. Sannan aka kira shi. Ta bi shi da ido yana hawa matakala.

Ya sassauta murya ya kira mai tsaron gida. Fili ya yi tsit. Ya ɗaga ya kira ɗan baya Katanga, aka yi ihu, tsohon ya miƙe da sandarsa. Ya ci gaba, wannan ƙasa, wannan sama, ita tana bin sa da leɓe. Da ya zo kan ɗan gefen dama sai ya tsaya. Shirun ya yi tsawo. Ta ga 'yar Kibiya ta dafa keken ubanta, ta ga wasu sun fara sunkuyar da kai tun ba a ce komai ba. Ta runtse ido.

"Kibiyaaa!"

Ya ja sunan har lasifikar ta yi ƙara. Fili ya ɗauka. Kibiya ya ɗaga hannun da ke motsi, yana kuka yana dariya da rabin baki. Maƙogwaro ya kai sauran har ƙarshe, bai tauye kowa ba.

Ta tarye shi a ƙasan matakala, ta kai shi kujera a bayan rumfa ta ba shi ruwa. Mutane suka yi ta zuwa suna girgiza masa hannu, yana amsawa da fara'a. Da suka ragu sai ya matso kusa da kunnenta.

"Je ki gaya musu ba ni da lafiya. Kada su kira ni. Zan kashe wani da ransa."

"Ai ka riga ka yi, Baban yara. Ba ka kuskure ko ɗaya ba. Ba ka ji ihun ba?"

Ya dube ta kamar tana yi masa wasan yara. Mai sa kiɗa ya taɓa lasifikar, ta yi ƙara, ya zabura ya damƙe hannunta. Yatsunsa sun yi sanyi.

"Yanzu za su kira ni ko?"

Ta kalli sahun gaba, inda 'yar Kibiya ke share wa ubanta fuska. 

"Ba za su kira ka ba," ta ce. "Na gaya musu."

Ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. "Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Kin fitar da ni kunya."