Gwangwani a Bayan Taya

Shekarata arba'in da shida na fara koyon mota, ba don sha'awa ba. Maigidana ne ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ma ya ƙi tashi, ga zuwa asibiti wajen gashi duk Talata. Ran da keke napep ya faɗa rami da mu na ga hawaye a idonsa, na ce wallahi an gama. Ga motarsa a ƙofar gida a Nasarawa Gwom, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Malamin da ya koya mini ya yi kwanakinsa ya tafi. Ya ce, "Hajiya, komai naki ya yi, sai tashi a kan tudu. Nan masu gwajin lasin suke kayar da mutane, kin san garin namu." Ya nuna mini dabara: in ajiye gwangwanin madara a bayan taya. In na tashi ban murƙushe shi ba, na iya.

Ran Lahadi da safe nake zuwa wani tudu a bayan Katako, lokacin 'yan katako da yawa suna coci, hanya fayau. A ƙa'ida mutum biyu ke wannan aikin, ɗaya a sitiyari, ɗaya yana duba gwangwani. Ni kuwa in ja birkin hannu, in fito, in ajiye, in koma, in saki kuloci, in ji ƙaras! In sake fitowa. Kai, na zagi motar nan har kakanta. Wata rana na tashi lafiya lau, na juyo da murna zan ce "ka gani?" sai na ga kujera ba kowa. Kaɗaici ya kama ni, na kashe mota na zauna.

Ran gwaji jami'in ya tsayar da ni a tsakiyar hawa, ya ce, "Oya madam, tashi." Na tashi. Ko gezau motar ba ta yi baya ba.

Talatar farko da lasin a jakata, na ɗora maigidan a gaba, na ɗaura masa bel. Shekara ashirin ni ce a wannan kujerar. Bai dube ni ba. Muna gangarawa na lura da ƙafarsa mai lafiyar: duk inda ya kamata a rage gudu, sai ta danna ƙasan mota da ƙarfi, tana neman birki.

Na ce, "Na gani, Alhaji. Na taka."

Har muka isa asibiti bai daina takawa ba.